Yadda Ake Shirya Agajin Gaggawa Idan Ambaliya Ta Ci Unguwa

A daren Litinin wayewar Talata, 10 ga Satumba 2024, ruwan da ya ɓalle daga madatsar Alau ya shiga Maiduguri mutane suna barci. Ya mamaye Gwange da Fori, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu, har gidan namun daji bai tsira ba. Bayan wata takwas, da asubahin Alhamis 29 ga Mayu 2025, ruwa ya share Tiffin Maza da Unguwar Hausawa a Mokwa, aka rasa rayuka fiye da 150. A duka wuraren biyu, kafin motar hukuma ta iso, maƙwabta ne suka fara ciro mutane, da masu kwalekwale da samarin unguwa. Haka abin yake kusan ko'ina, domin na kusa shi ke fara jin ihu.

Jama'armu ba su da rowa a irin wannan rana. Abin da ke ba mu matsala shi ne rashin tsari: shinkafa ta taru a wuri ɗaya alhali babu ruwan sha, masu ƙarfi su karɓa sau uku, tsohuwar da ba ta iya turereniya ta kwana da yunwa. Wannan bayani na kwamitin unguwa ne, da kwamitin masallaci ko coci, da ƙungiyar matasa, da duk wanda ya tsinci kansa yana jagorantar taimako ba tare da ya taɓa koyon aikin ba.

Mataki na farko: a fitar da rai

A awannin farko babu maganar kaya. A kira 112, a sanar da hukumar agajin gaggawa ta jiha, wato SEMA, da ofishin hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, wato NEMA, mafi kusa, da Red Cross, amma kada a zauna jiransu. A yi shela da lasifikar masallaci, a ambaci sunan wurin da za a taru ƙarara: makaranta kaza da ke kan tudu. Idan ba a faɗi wuri ɗaya ba, iyali za su watse, a kwana uku ana neman yara.

A fara da waɗanda ba za su iya fitar da kansu ba: tsofaffi, masu ciki, masu jego, marasa lafiya, makafi da guragu, da almajiran tsangaya, waɗanda sau da yawa babu wanda ya san adadinsu sai malaminsu. Samari su kasu layi-layi, kowane rukuni ya ƙwanƙwasa kowace ƙofa.

Ruwa mai gudu da bai kai gwiwa ba yana iya kayar da ƙato, wanda ya kai kamu ɗaya da ɗoriya kuma yana iya jan mota. Wanda bai iya iyo ba kada ya shiga ceto, komai kusancin wanda ruwa ya ja. Ya miƙa masa gora, ko ya jefa igiya da aka ɗaura wa jarka marar komai a ciki wadda aka toshe bakinta. Aikin shiga ruwa na masunta ne da sarkin ruwa da yaransa. A kashe wutar gida tun kafin ruwa ya kai soket, a nisanci duk wayar da ta faɗo. Kwalekwale kuma kada a cika shi fiye da ƙima don ana sauri. Zuwa biyu ya fi kifewa ɗaya.

Mataki na biyu: kwamiti, amma ƙarami

Da zarar mutane sun taru a tudu, a zauna ko da na minti ashirin ne. Mutum bakwai zuwa tara sun isa: mai unguwa ko wakilinsa, limami, malamin asibiti ko ungozoma idan akwai, shugaban matasa, magatakarda mai kyan rubutu, ma'aji, da mata aƙalla biyu waɗanda matan unguwa suka yarda da su. Maganar matan nan ba ado ba ce. Akwai buƙatun da mace ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba, ko da za ta mutu da su. Inda akwai Musulmi da Kirista a unguwa, kowane ɓangare ya ga nasa a kwamitin. 'Yan agaji na ƙungiyoyin addini, irin na Jama'atu da Izala da Fityanu, sun saba da tsara taro da ɗaukar marasa lafiya, a jawo su tun farko a ba kowa aikinsa.

Mataki na uku: rajista

Wannan shi ne aikin da aka fi rainawa, kuma shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya. A samo littafi mai bango mai ƙarfi da biro, a fara rubutu tun ranar farko, kafin labarin rabo ya bazu. Idan aka bari sai motar kaya ta iso sannan aka ce a kawo sunaye, mutanen da ruwa bai taɓa ko ƙofar gidansu ba za su cika layi.

Kada a kira mutane su yi jerin gwano. Magatakarda da mace ɗaya daga kwamiti su bi su inda suke zaune, su durƙusa su gaisa. "Sannu Inna, ya muka ji da wannan abu? Allah ya mayar da alheri. Ku nawa ne kuke ci daga tukunyarki?" Tambayar tukunya ta fi tambayar gida amfani. Gida ɗaya yana iya ƙunsar magidanta huɗu, magidanci ɗaya kuma yana iya samun mata uku, kowace da 'ya'yanta. Idan aka rubuta sunan maigida kaɗai aka ba shi buhu ɗaya, an haɗa rigimar da za ta fi ƙarfin kwamiti. A rubuta kowace mace da ɗakinta, da bazawara da marayun da ke hannunta, da ɗan haya, wanda aka saba mantawa da shi don gidan ba nasa ba ne alhali shi ma komai nasa ya tafi.

Ga kowane iyali a rubuta suna, da layin da suke, da adadin mutane, da yara 'yan ƙasa da shekara 5, da masu ciki da masu shayarwa, da mai ciwon da ke shan magani kullum, kamar hawan jini, ciwon sukari, farfaɗiya, tarin fuka ko cuta mai karya garkuwar jiki. Wannan na ƙarshe a keɓe ake tambayarsa, kuma malamin asibiti kaɗai ke riƙe bayanin. A rubuta ko gidan ya rushe gaba ɗaya ko wani sashe, da lambar waya. Sannan a ba iyalin ƙaramin kati mai lamba da sa hannun mutum biyu. Kada a ce sai mai katin zaɓe ko lambar NIN za a rubuta, domin takardun da yawa suna cikin ruwa. Shaidar maƙwabta biyu ta wadatar.

A tuna cewa ba kowa ke zuwa sansani ba. Da yawa suna raɓe a gidajen 'yan'uwa, wasu kuma, musamman dattawa masu mutunci, kunya ba za ta bar su su zauna a makaranta ba. A bi su har inda suke, a kuma lissafa gidan da ya sauke su, tunda tukunyarsa ta ƙaru. A buɗe shafi na daban don waɗanda suka ɓace da yaran da aka tsinta, a ɗauki hoton littafin da waya kowane dare. Ranar da jami'an SEMA ko wata ƙungiya suka zo, unguwar da ta miƙa rubutaccen lissafi ita ake fara saurara.

Mataki na huɗu: ruwan sha da masai, kafin shinkafa

Mutum yana jure yunwar kwana biyu, amma gurɓataccen ruwa yana iya kashe yaro cikin yini guda. Ambaliya tana cika masai ta kwashe abin da ke ciki ta zuba a rijiyoyi, don haka duk rijiyar da ruwa ya hau kanta a ɗauka ta gurɓace, ko da ruwanta ya yi garau. Ba a yi wata guda da ambaliyar Maiduguri ba gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara.

Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji na duniya ke aiki da shi shi ne lita 15 ga kowane mutum a rana, na sha da girki da tsafta. Iyali mai mutum takwas ke nan yana buƙatar jarka biyar masu lita 25. Sansani mai mutum 500 yana buƙatar lita 7,500 kullum. Da wannan lissafi za a je wajen mai tankar ruwa ko mai rijiyar burtsatse da ke kan tudu, ba da "a taimaka mana da ruwa" kawai ba.

Idan ruwan da ake da shi mai laka ne, a zuba a bokiti, a kaɗa ɗan alif a ciki, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye na sama ta cikin tsabtataccen ƙyalle. Alif laka yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta, saboda haka aikin bai ƙare ba. Sai a tafasa ruwan har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a saka maganin tsarkake ruwa irin su Aquatabs ko WaterGuard daidai yadda aka rubuta a jikinsa, a jira rabin awa. A ajiye a jarka mai murfi. Randa mai faɗin baki da kowa ke tsoma moɗa a ciki ita ke mayar da tsabtataccen ruwa gurɓatacce.

Masai kuma a haƙa tun ranar farko. A farkon lamari rami ɗaya ga mutum 50 zai iya riƙewa, amma a yi ƙoƙari a kai ɗaya ga mutum 20. Ya yi nisan aƙalla mita 30 da rijiya, kuma a gangare da ita. A raba na maza da na mata, na matan ya kasance da kariya mai kyau da fitila, kusa da inda suke kwana, domin idan ya yi nisa ko duhu ba za su je ba. A ƙofar kowanne a ajiye buta da sabulu, idan babu sabulu a sa toka. Kashin jarirai ma a zuba shi a rami. Yana ɗauke da cuta kamar na babba.

Mataki na biyar: wurin kwana

Makarantu aka fi amfani da su. A ba mata da ƙananan yara azuzuwa, maza su yi rumfa da tamfol a fili, iyali kuma a bar su kusa da juna gwargwadon hali. Tabarma, bargo da gidan sauro su ne kan gaba, domin makonni kaɗan bayan ambaliya sauro ke yawaita. Kada a kunna gawayi ko janareta a cikin ɗakin da aka rufe, hayaƙinsu yana kashewa cikin barci. A sa 'yan sintiri su yi gadin sansani da kuma gidajen da aka bari, saboda tsoron ɓarayi ne ke sa magidanta su koma kwana a gidan da ke shirin faɗuwa.

Mataki na shida: abinci

A kwana biyu ko ukun farko dafaffe ake buƙata, tunda babu tukunya babu itace busasshe. A kafa murhu ɗaya babba, matan sansanin su karɓi girki bi da bi: koko ko kunu da safe, shinkafa da wake ko fate da rana. Garin kwaki, ƙuli-ƙuli, burodi da dabino suna cike giɓi. Abincin da aka dafo daga nesa aka ƙulla a leda tun safe yana iya lalacewa kafin yamma, a kula da shi.

Daga nan a koma ba kowane iyali ɗanye, tare da tukunya da kwanuka, su dafa abin da suka saba. Kimanin abin da babba ke buƙata a rana shi ne giram 400 na hatsi, giram 60 na wake, giram 25 na mai, da ɗan gishiri. Iyali mai mutum takwas zai ci kusan buhu mai kilo 50 a mako biyu, da wake kilo 7, da mai lita 3. Idan masara ko dawa aka bayar, a haɗa da kuɗin niƙa.

Abu ɗaya da nake roƙon masu kyauta su daina kawowa shi ne madarar gwangwani ta jarirai. A inda babu ruwa mai tsabta, bulunboti hanyar gudawa ce kai tsaye. Uwa ta ci gaba da shayarwa, firgici ba ya ƙafar da nono gaba ɗaya. A ba ta abinci da ruwa da wurin da za ta keɓe. Jaririn da ya rasa uwa a kai shi ga ma'aikatan lafiya su tsara masa.

Mataki na bakwai: lafiya

A ware aji ɗaya ya zama wurin duba marasa lafiya. Duk wanda ya fara gudawa a soma ba shi ruwan gishiri da sukari nan take: ƙunshi ɗaya na ORS a lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa. Idan babu, a haɗa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya, a shafe kan cokalin kada a yi tozo. Abin da ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo. Yara a ƙara musu da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14. Gudawa mai kama da ruwan shinkafa, ko idanu su faɗa, ko yaro ya kasa sha, wannan na asibiti ne ba tare da jinkiri ba, kuma a sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma a ranar.

A nemi a zo a yi wa yara rigakafin ƙyanda, domin cunkoso ne abincinta. A nemi a auna damtsen yara don gano tamowa. Wanda awonsa ya faɗa kan jan launin ma'aunin a tura shi cibiyar kula da masu tamowa. A san masu cikin da suka kusa haihuwa, a tanadi motar da za ta kai su ko da tsakar dare. Matan kwamiti su raba audugar mata, sabulu, zannuwa da kamfai a keɓe.

Macizai ma tudu suke nema. Wanda maciji ya sara kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe ko awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti.

Idan an tsinci gawa, a ɗauke ta da safar hannu cikin mutunci. Gawar wanda ruwa ya ci ba ta haddasa annoba kamar yadda ake tsoro, saboda haka babu dalilin gaggawar da za ta hana a gane mamaci. Kafin a yi sutura a ɗauki hoto, a rubuta kayan jikinsa da inda aka same shi, a sanar da 'yan sanda, a sa alama a kabarin. Iyalin da ba su san inda nasu yake kwance ba ba sa samun natsuwa.

Mataki na takwas: kuɗi da rabo

Kada gudummawa ta shiga asusun mutum ɗaya. A yi amfani da asusun masallaci ko na ƙungiya mai sa hannun mutum biyu ko uku, kowace yamma a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban jama'a, a kuma liƙa a bango. Masu son taimakawa daga nesa a faɗa musu abin da ake buƙata dalla-dalla. Inda kasuwa ke ci, kuɗi ya fi kaya, domin iyali sun fi kowa sanin ko magani suke buƙata ko kwanon rufi. Tsofaffin tufafi kuwa, a kawo wankakku waɗanda mai su zai iya sawa da kansa. Malamai sun yi bayanin cewa wanda bala'i ya cinye dukiyarsa ya cancanci zakka ko da jiya shi mawadaci ne, don haka a tunatar da masu fitarwa.

Ranar rabo a sanar da abin da kowane iyali zai samu tun kafin a fara. A zaɓi wuri mai ƙofar shiga daban da ta fita, a kira da lambar kati rukuni-rukuni, a fara da tsofaffi da masu ciki, a yi da safe a gama da rana. Wanda ya karɓa ya dangwala yatsa a littafi. Waɗanda ba za su iya zuwa ba a kai musu. A faɗa da babbar murya cewa agaji kyauta ne, duk wanda ya nemi kuɗi ko wani abu daga mace ko yarinya kafin ya rubuta sunanta a kawo ƙararsa ga matan kwamiti. Wannan yana faruwa, kuma shiru ne ke ba shi wuri. Game da hoto, a ɗauki kayan da lissafin don masu bayarwa su gani, amma dattijon da jiya yake ciyar da mutum ashirin bai kamata a ɗora masa ƙullin shinkafa a ka a watsa fuskarsa a Facebook ba.

Idan girgizar ƙasa ce

Ba mu saba da ita ba, sai ɗan motsin ƙasa irin wanda aka ji a Mpape ta Abuja a 2018, amma 'yan'uwanmu suna karatu da kasuwanci a ƙasashen da take aukuwa. Ta Turkiyya da Siriya ta 6 ga Fabrairu 2023 ta kashe fiye da mutum 50,000, ta Maroko ta 8 ga Satumbar shekarar ta kashe kusan 3,000, yawanci a ƙauyukan kan duwatsu masu ginin ƙasa. Rajista da ruwa da masai duk kamar na ambaliya ne. Bambancin yana farko: kwana ukun farko su ne lokacin da aka fi samun masu rai a ƙarƙashin gini, ana yin tsit lokaci-lokaci a saurari ƙwanƙwasa, ba a hawa kan ɓaraguzai da yawa, ba a kunna ashana saboda gas, kuma ba a komawa cikin gini saboda ƙananan girgiza da ke biyo baya. Wanda yake nesa yana son taimakawa ya aika kuɗi ta ƙungiyar da aka sani tana aiki a can.

Mataki na tara: komawa gida

Janyewar ruwa ba ta nufin gida ya zaunu. Ginin ƙasa da ya sha ruwa yana iya faɗuwa bayan kwanaki, rana tana haskawa. Tsohon masallacin Damagaram, wanda ya haura shekara ɗari yana tsaye, ruwan damina ne ya kayar da shi a Satumbar 2024. Magini ya duba gindin bango da azara kafin kowa ya kwana a ciki. A shiga da takalmin roba, a kwashe laka, a buɗe tagogi, a zubar da duk abinci da maganin da ruwa ya taɓa. Rijiya a kwashe ta, a sa ma'aikatan lafiya su zuba mata sinadari kafin a sha. Mai gyaran wuta ya duba wayoyi kafin a kunna.

A wannan lokaci ne masu kawo gudummawa ke raguwa, buƙata kuwa tana nan. Kwamiti ya koma kan littafinsa ya ware waɗanda gidajensu suka rushe ƙurmus, a nema musu wurin zama domin makaranta ta koma karatu. Manomin da gonarsa ta nutse yana buƙatar iri da taki da injin ban ruwa kafin noman rani ya wuce shi. Mai sana'ar da jarinta ya tafi, ɗan kuɗin da za ta sake kafa kaskon ƙosai ya fi mata buhu na biyu. A taimaka wa mutane su sake samun takardun fili da na makaranta da katin shaida, a yi gayya wajen tayar da ɗakunan zawarawa da tsofaffi.

Kafin damina mai zuwa, hukumar NiHSA tana fitar da hasashen ambaliya na shekara, NiMet kuma na ruwan sama, kuma ana ambata ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Kwamiti ya nemi hasashen yankinsa tun watan Afrilu ko Mayu, ya sa a yashe magudanan ruwa, ya tsayar da tudun da za a taru, ya rubuta lambobin masu kwalekwale da masu tankar ruwa, kowane gida kuma ya ƙulle takardunsa a leda ya rataye a sama.